Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin Yaɗa Labarai da Tallata Manyan Makarantu a Najeriya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin ma'aikatan da aka damƙa wa aikin yaɗa labarai da hulɗa da jama'a a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi, musamman waɗanda aka ɗauko daga wani ofis aka kawo su wannan sashe ba tare da sun taɓa yin aikin jarida ba. An fara da tambayoyin tushe, sannan aka shiga waɗanda suka shafi doka da rikici da kuɗi.

Mene ne ainihin aikin sashen yaɗa labarai a jami'a, kuma da me ya bambanta da talla?

Aikin sashen shi ne ya tabbatar da cewa duk wanda yake da haƙƙin sanin abin da jami'a take ciki ya sani, a kan lokaci, cikin harshen da yake fahimta, kuma daga bakin jami'ar ba daga jita-jita ba. Masu wannan haƙƙi suna da yawa: ɗaliban da ke ciki, masu neman shiga, iyaye, malamai da sauran ma'aikata, tsofaffin ɗalibai, al'ummar garin da jami'ar take zaune a cikinsa, hukumomin gwamnati, da masu ba da tallafin bincike. Talla kuwa wani yanki ne kawai na wannan aiki, wato sayen fili a rediyo ko jarida ko intanet domin jawo masu neman gurbin karatu. Talla kuɗi ake biya a faɗi abin da ake so; hulɗa da jama'a kuwa amana ce ake ginawa, kuma wasu ne suke yanke hukuncin ko ta ginu.

A jami'o'i da yawa an mai da sashen wurin ɗaukar hotunan shugaban jami'a da shirya kujerun baƙi a ranar bikin yaye ɗalibai. Babu laifi a yi waɗannan, amma idan su kaɗai ne aikin, to ranar da matsala ta taso za a tarar babu wanda 'yan jarida suka saba da shi, babu kuma wanda ɗalibai suka yarda da maganarsa.

Jami'ar gwamnati da masu neman gurbi suka riga suka yi mata yawa, me za ta yi da tallata kanta?

Gaskiya ne cewa masu rubuta jarrabawar JAMB a shekarun 2024 da 2025 sun kusa miliyan biyu a kowace shekara, kuma jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da ta Maiduguri ba sa iya ɗaukar duk masu neman su. Sai dai cunkoson ba a ko'ina yake ba. Likitanci da lauya da aikin jinya da haɗa magunguna su ne ake turereniya a kansu, alhali kuwa tsangayoyin ilimi da aikin gona da harsuna sukan rasa masu zaɓarsu da son ransu, har sai an tura musu waɗanda suka rasa zaɓinsu na farko. Ɗalibin da aka tura kwas ɗin da bai san amfaninsa ba yakan shafe shekara huɗu yana ganin an zalunce shi. Bayyana wa 'yan sakandare abin da mai digirin aikin gona ko na ilimi zai iya yi da shi aiki ne na wannan sashe, kuma ba a cika yin sa ba.

Bayan haka, jami'a ba ɗalibai kaɗai take nema ba. Tana neman ƙwararrun malamai, da kuɗin bincike daga asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund da ƙasashen waje, da abokan haɗin gwiwa. Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda take cikin cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa a Afirka, tana karɓar ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashe maƙwabta, kuma irin waɗannan ɗalibai ba sa zuwa sai sun ji labarin wurin. Mai ba da tallafi da ke zaune a Turai ko Amurka, abin da zai fara dubawa shi ne shafin jami'ar na intanet, idan ya tarar labarin ƙarshe da aka saka ya shekara biyu, to ya riga ya yanke hukuncinsa.

Ta ina aikin ya bambanta a jami'o'i masu zaman kansu?

A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu uku na farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna, yanzu kuwa yawansu ya zarce na tarayya da na jihohi ko da an haɗa su wuri guda. Yawancinsu da kuɗin makaranta suke biyan albashi, saboda haka kujerar da ta zauna babu ɗalibi asara ce kai tsaye. Shi ya sa su ne suka fi zuba kuɗi a allunan talla da ziyartar makarantun sakandare da ranar buɗe ƙofa ga iyaye. Babban abin da suke sayarwa shi ne tabbacin kammala karatu a kan lokaci ba tare da yajin aiki ba, sai tsaro da tarbiyya. Wanda ake lallashi a nan galibi ba ɗalibin ba ne, uban da zai biya kuɗin ne, kuma tambayoyinsa sanannu ne: nawa ne jimillar kuɗin har da ɗakin kwana, an tantance kwas ɗin, yaron zai tafi hidimar ƙasa, yaya batun salla da suturar 'yan mata. Tallar da ta cika da hotunan gine-gine ta bar waɗannan tambayoyi ba ta yi aikinta ba. Game da tantance kwasa-kwasai, a duba amsar da ke ƙasa kan tallata kwas ɗin da bai sami amincewa ba.

Wane ne yake da ikon yin magana da yawun jami'a?

Shugaban jami'a shi ne jagoran gudanarwa, kuma shi ne muryarta ta farko. Sanarwar da ta shafi ɗaukar ɗalibai, ko korarsu, ko jadawalin zangon karatu, ko ladabtar da ma'aikaci, bisa al'ada da sa hannun magatakarda take fita, domin shi ne sakataren majalisar gudanarwa da majalisar malamai, kuma a ofishinsa takardu suke. Kakakin jami'a yana isar da abin da waɗannan suka yanke ne, ba ya yanke hukunci da kansa. Ya kamata a rubuta wannan tsari a takarda, kowane shugaban tsangaya da na sashe ya sami kwafi.

Amma a nan akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Malamin jami'a yana da 'yancin bayyana ra'ayinsa a fagen iliminsa, ko a rediyo ko a jarida, ko da ra'ayin bai yi wa gwamnati ko shugabannin jami'ar daɗi ba. Abin da za a nema daga gare shi kawai shi ne kada ya ce da yawun jami'a yake magana. Haka nan ƙungiyoyin ma'aikata da ta ɗalibai suna magana da yawun mambobinsu. Jami'in yaɗa labaran da ya ɗauka aikinsa shi ne toshe bakin malamai ya rasa mafi tsadar abin da yake hannunsa, domin masanin da ake gayyata ya yi sharhi a BBC Hausa ko Freedom Radio yana ɗaga sunan jami'arsa fiye da talla ta miliyoyin naira.

Waɗanne dokoki ne suka shafi wannan aiki?

Huɗu ne suka fi kusa. Ta farko ita ce dokar Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963 ta kuma sami ƙarfin doka a 1990. A ƙarƙashinta wanda ba shi da rajista da cibiyar bai halatta ya riƙe aikin hulɗa da jama'a a matsayin sana'a ba. Ta biyu ita ce dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin tsohuwar hukumar APCON, wadda ta wajabta a gabatar da talla a tantance ta kafin a yaɗa ta, har da tallar intanet. Hukumar ta kuma hana amfani da 'yan ƙasashen waje a hotuna da muryoyin tallace-tallacen da ake nufin 'yan Najeriya da su tun daga ranar 1 ga Oktoba 2022, abin da ya kamata masu ɗauko hotunan Turawa daga intanet suna mannawa a ƙasidun jami'a su lura da shi.

Ta uku ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar bayani da aka gabatar mata a rubuce, ko ta bayyana dalilin ƙin bayarwa. Jami'o'in tarayya suna ƙarƙashinta. Ta huɗu ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, wadda aka yi bayaninta a amsar da ta shafi hotunan ɗalibai.

Za mu iya tallata sabon kwas kafin hukumar da ke sa ido ta amince da shi?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane illa. Kafin jami'a ta fara sabon kwas sai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta zo ta duba ko akwai malamai da kayan aiki da ɗakin karatu, ta ba da izini. Bayan an fara kuma sai ta dawo ta tantance shi, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna ƙarƙashin NBTE mai hedikwata a Kaduna, kwalejojin ilimi kuma NCCE. Wasu kwasa-kwasan suna buƙatar amincewa ta biyu daga hukumar sana'ar: likitanci daga majalisar likitoci, lauya daga majalisar ilimin shari'a, injiniyanci daga majalisar injiniyoyi ta COREN, aikin jinya daga majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. Wasu daga cikin waɗannan majalisu har adadin ɗaliban da za a ɗauka suke ƙayyadewa, kuma jami'ar da ta wuce adadin ta jefa ɗalibanta cikin jiran shekaru kafin su sami lasisi ko gurbi a makarantar horar da lauyoyi.

Saboda haka kafin sunan kowane kwas ya shiga ƙasida ko talla, sai jami'in yaɗa labarai ya ga takardar amincewar da idonsa daga ofishin tsare-tsaren karatu. Kalmomi irin su "ana kan hanyar samun amincewa" ba su da wani amfani ga uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta. Jama'a ma sun ƙara wayewa a kan wannan batu tun bayan binciken da jaridar Daily Nigerian ta wallafa a ƙarshen 2023, inda wakilinta ya sami takardar digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024. Tun daga lokacin, tambayar farko da iyaye suke yi ita ce ko takardar za ta karɓu.

Yaya za mu yi da 'yan damfara masu amfani da sunan jami'a a lokacin ɗaukar ɗalibai?

Duk shekara sukan buɗe shafukan bogi da tambarin jami'a, su saka lambar waya da asusun banki na wani mutum, su ce za su samar da gurbi. Maganinsu shi ne maimaita bayanai uku har jama'a su haddace su. Na ɗaya, tun 2017 ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB ake ba da gurbin digirin farko, kuma ɗalibi zai iya ganin matsayinsa da kansa. Idan gurbin bai bayyana a can ba, hakan zai hana shi shiga jerin masu tafiya hidimar ƙasa idan ya gama. Na biyu, adireshin shafin jami'a na gaskiya galibi da edu.ng yake ƙarewa. Na uku, jami'a ba ta karɓar kuɗi ta asusun mutum.

Yana da kyau kuma a bayyana yadda ake rabon gurabe, domin rashin sani ne yake sa mutane su ɗauka sai da hanya. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. Idan sashen ya wallafa mafi ƙarancin makin da aka ɗauka a kowane kwas, uban da ɗansa ya rasa likitanci zai ga dalili da idonsa, ba zai tafi neman wanda zai ba cin hanci ba.

Da wane harshe ya kamata mu riƙa fitar da sanarwa?

Turanci ne harshen takardun jami'a, kuma ba za a daina fitar da sanarwa da shi ba. Amma a Arewa mutumin da yake biyan kuɗin makaranta, ko yake yanke shawarar barin 'yarsa ta tafi wani gari karatu, sau da yawa da Hausa yake sauraron labarai, kuma ta rediyo. Sanarwar ƙarin kuɗin makaranta da aka manna a shafin intanet da Turanci kaɗai za ta isa gare shi ne ta bakin wani, bayan an ƙara mata gishiri. Ya kamata kowace sanarwa mai muhimmanci ta sami kwafin Hausa da aka rubuta da kyau, ba fassarar gaggawa ta na'ura ba, kuma jami'o'in da suke da sashen harsunan Najeriya ba su da uzuri a kan wannan. A wuraren da Kanuri ko Fulfulde ko Nufanci suka fi ƙarfi, haka za a yi da su. Jami'ar da take da gidan rediyonta, kamar yadda Jami'ar Legas ta fara samu wasu suka biyo baya, tana da hanyar da za ta isa ga maƙwabtanta kyauta, amma sau da yawa sai a bar tashar ga waƙoƙi da gaishe-gaishe.

Wace kafar sada zumunta ce ta fi dacewa, kuma wa zai riƙe ta?

Facebook ne ya fi isa ga iyaye da tsofaffin ɗalibai a Arewa, WhatsApp ne hanyar da labari yake yawo a tsakanin ɗalibai ta zaurukan aji da na sashe, X kuma a nan 'yan jarida da hukumomi suke. Gara a riƙe biyu da kyau da a buɗe shida a yi watsi da su. Kowace sanarwa ta fara sauka a shafin jami'a na intanet, sannan a yaɗa ta a sauran wurare, domin shafin ne kaɗai mallakin jami'a. Dakatar da Twitter, wato X a yanzu, da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya nuna cewa kafar wani za ta iya rufewa a dare ɗaya. Kalmomin sirrin shiga shafukan kuwa kada su kasance a hannun mutum ɗaya, balle ɗan hidimar ƙasa da zai tafi bayan shekara, kuma a buɗe su da adireshin imel na ofis.

Batun amsa ƙorafi ya fi batun saka hotuna wahala. Idan ɗalibi ya rubuta cewa babu ruwa a ɗakin kwanansu, goge maganarsa ba zai kawo ruwa ba, sai dai ya sa a ɗauki hotonta a yaɗa. A amsa masa, a kai maganar ofishin kula da harkokin ɗalibai, a dawo a faɗi abin da aka yi. Zagi da ƙazafi da bayyana sirrin wani su ne abin gogewa, kuma a rubuta wannan ƙa'ida a saman shafin kowa ya gani.

Shin ya dace mu yi talla da matsayin da muka samu a jerin gwanayen jami'o'i?

Ya dace, muddin an faɗi wane jeri ne, na wace shekara, kuma me yake aunawa. Jerin Webometrics, wanda wata cibiyar bincike ta Sifaniya ta ƙirƙiro, ya dogara ne a kan yadda jami'a ta bayyana a intanet da yadda ake ambaton bincikenta, ba ya shiga aji ya ga yadda ake koyarwa. Na Times Higher Education da na QS suna duba bincike da yawan malamai idan aka kwatanta da ɗalibai da ra'ayin masana, kuma Times tana da wani jeri dabam da ya shafi muradun ci gaba mai ɗorewa, wanda bai kamata a gabatar da shi kamar shi ne babban jerin ba. Cewa "mu ne na ɗaya a Arewa" ba tare da wannan bayani ba yaudara ce, kuma wata jami'ar za ta fito da nata jerin washegari. A guji kuma kamfanonin da suke aiko wasiƙa suna cewa an zaɓi jami'a ko shugabanta domin lambar yabo, amma sai an biya kuɗin halartar biki a Dubai ko Landan.

Ta yaya za mu fitar da binciken malamanmu ga jama'a?

Wannan ne fagen da jami'o'inmu suka fi arziki kuma suka fi sakaci. Misalin da ya kamata a yi koyi da shi yana Samaru. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda asalinta ya koma 1922, ta fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu ɗauke da sunayen SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kuma ta fitar da kazar Shika Brown. Manomin da bai taɓa taka harabar jami'ar ba ya san waɗannan sunaye, domin akwai cibiyar yaɗa dabarun noma ta NAERLS da malaman gona da shirye-shiryen rediyo da suka kai masa su cikin harshensa. Sunan jami'ar ya shiga ƙauye ta hanyar abin da ya amfani mutane.

Hanyar yin haka a kowace jami'a ba ta da tsada. Jami'in yaɗa labarai ya riƙa ziyartar tsangayoyi, ya halarci laccar da sabon farfesa yake gabatarwa, ya zauna da mai bincike ya tambaye shi abin da ya gano, wa zai amfana, kuma me ya rage ba a tabbatar ba. Ya rubuta shi cikin sauƙi, ya mayar wa malamin ya duba kafin a fitar. Ya kuma ajiye jerin masana da fannoninsu da lambobinsu, bisa yardarsu, domin ɗan jaridar da yake neman mai sharhi kan ambaliya ko farashin abinci ya samu cikin sa'a guda.

Babban haɗarin shi ne zuzutawa, musamman a fannin lafiya. Abin da aka gwada a kan ɓeraye a ɗakin gwaji ba a ce masa magani, kuma kanun labarin da ya ce jami'a ta gano maganin ciwon suga ko sikila zai iya sa mara lafiya ya ajiye maganin da likita ya ba shi. Duk wata da'awa ta magani sai ta bi ta gwaji a kan mutane da rajistar NAFDAC.

Idan wani mummunan abu ya faru, kamar gobara ko rasuwar ɗalibi ko zargin lalata, me za mu fara yi?

A sa'o'in farko a faɗi abin da aka tabbatar, a faɗi abin da ake yi, a kuma faɗi lokacin da za a sake magana. Shiru ba ya hana labari fita, domin kowane ɗalibi yana da waya. Abin da shiru yake yi shi ne ya bar wa wasu filin. Idan an yi rasuwa, iyalan mamacin ne za su fara ji, ta bakin babban jami'i, kafin sunan ya fita ko'ina. Idan batun tsaro ne, kamar sace ɗalibai da aka yi a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da Jami'ar Greenfield a 2021 da Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023, sai an daidaita magana da jami'an tsaro domin kada a jefa waɗanda ke hannu cikin ƙarin haɗari, amma a keɓe wa iyaye lambar waya da mutumin da zai riƙa amsa musu dare da rana.

A zargin cin zarafi ko neman lalata da ɗaliba, kada sanarwa ta wanke wanda ake zargi, kada kuma ta yanke masa hukunci, kuma kada ta bayyana sunan mai ƙorafi. A faɗi kwamitin da zai bincika da wa'adin da aka ba shi, sannan a fitar da sakamakon idan ya kammala. Yawancin sanarwowi a kafa kwamiti suke tsayawa, shi ya sa jama'a suka daina yarda da su.

Amsa laifi idan an yi shi ba ya rusa hukuma. A Mayun 2025, bayan ƙorafin da ya biyo bayan sakamakon jarrabawa, magatakardan JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban manema labarai ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ya nemi afuwa, aka kuma sake musu jarrabawa. Bai tsira daga suka ba, amma maganar ta koma kan yadda za a gyara, maimakon ta tsaya a kan musu.

Yaya za mu sanar da ƙarin kuɗin makaranta, kuma me za mu ce a lokacin yajin aiki?

Ƙarin kuɗin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023 ya nuna cewa yadda aka sanar yana da tasiri kusan kamar adadin da aka ƙara. A zauna da shugabannin ɗalibai kafin a yanke, a ba da wa'adi mai tsawo, a rarraba kuɗin a nuna nawa ne na wutar lantarki, nawa na asibiti, nawa na ɗakin gwaji, a kuma faɗi sassaucin da aka tanada, kamar biya kashi biyu ko tallafi ga marasa ƙarfi. Tun da asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatun rancen ɗalibai a Mayun 2024, bayanin yadda ake nema ya kamata ya zo a cikin sanarwar ƙarin kuɗin, ba bayan mako uku ba.

Yajin aikin ƙasa baki ɗaya, kamar na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya ɗauki wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, rigima ce tsakanin ƙungiya da gwamnatin tarayya, kuma kakakin jami'a ba shi da hurumin ɗaukar ɓangare. Aikinsa shi ne bayanan da ɗalibai suke buƙata: ko ɗakunan kwana za su kasance a buɗe, ina aka kwana kan jarrabawar da aka fara, yaushe majalisar malamai za ta fitar da sabon jadawali. Ya tuna cewa malaman da suke yajin su ne zai koma yana neman labarin bincikensu idan an janye.

Shin sai mun ba 'yan jarida na goro kafin su ɗauki labarinmu?

Al'adar ambulan ta zama ruwan dare, kuma ƙa'idojin aikin jarida sun haramta ta. Ɗaukar nauyin mota ko abinci ga wakilan da aka gayyato daga nesa abu ne da za a iya rubutawa a kasafi a fili. Kuɗin da ake bayarwa domin a binne labari ko a ƙawata shi wani abu ne dabam, kuma wanda ya fara biya ba ya daina biya. Idan ana son fili na musamman, a saya a matsayin talla, a rubuta cewa talla ce. Abin da ƙwararren ɗan jarida ya fi buƙata shi ne kakakin da yake ɗaga waya, yake ba da alƙaluma daidai, yake kuma haɗa shi da masani kafin lokacin gabatar da labarai ya wuce, kamar yadda aka ambata a amsar da ta shafi binciken malamai.

Muna da damar amfani da hotunan ɗalibai da bayanansu a tallace-tallacenmu?

Sai da izininsu a rubuce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗauki hoto da suna da lambar waya da sakamakon jarrabawa a matsayin bayanan mutum, kuma wanda bai kai shekara 18 ba, alhali sabbin ɗalibai da yawa ba su kai ba, sai da yardar iyayensa. Hoton taron jama'a a bikin rantsar da sabbin ɗalibai ba ɗaya yake da ɗaukar fuskar ɗaliba ɗaya a ɗora a allon talla a bakin titi ba, kuma a al'adarmu wannan na biyun zai iya jawo mata magana a gida ko a gidan miji. Takardar izinin ta faɗi inda za a yi amfani da hoton da tsawon lokacin. Lambobin wayar masu neman gurbi kuwa ba a ba wani kamfani su, ko da na abokin hulɗa ne.

Da ƙaramin kasafi, ta ina za mu fara, kuma ta yaya za mu san aikin yana tasiri?

A fara da gyara shafin intanet: jerin kwasa-kwasai da matsayin tantancewarsu, kuɗin makaranta na bana, jadawalin zango, da lambar wayar da ake ɗagawa. Sai a rubuta tsarin wanda zai yi magana idan rikici ya taso, kamar yadda aka yi bayani a sama. Bayan haka a nemi tsofaffin ɗalibai, domin su ne suke ba ƙannensu da 'ya'yansu shawarar inda za su nema, kuma abin da ya fi ɓata musu rai da jami'arsu sananne ne, wato jinkirin fitar da takardar sakamako idan sun buƙace ta domin ƙaro karatu. Wannan matsalar ofishin magatakarda ce, amma jami'in yaɗa labarai ne yake jin ƙorafin, saboda haka shi ya kamata ya tattara shi ya kai gaban shugabanni da alƙaluma.

Wajen aunawa, yawan mabiya a Facebook da yawan yankakkun jaridu a fayil ba su faɗin komai sosai. A duba yawan waɗanda suka sa jami'ar a zaɓin farko a kowane kwas daga shekara zuwa shekara, da yawan waɗanda aka ba gurbi suka zo suka yi rajista, da jihohin da suka fito. A saka tambaya ɗaya a takardar rajistar sabbin ɗalibai, wato ta wace hanya suka fara jin labarin jami'ar, a kuma ajiye lissafin tambayoyin da ake yawan kirowa a yi a waya, domin tambayar da aka yi sau hamsin a mako alama ce cewa amsarta ba ta inda ya kamata a same ta a shafin.